Ganuwar Ustaza Rabi'atu

Asabar, 6 ga Agusta 1988, bayan azahar

Ruwan sama ya ɗauke tun jiya. Gidanmu ko tsaga bai yi ba. Mijina Habibu ya zagaya katanga sau biyu yana bubbuga ta da tafin hannu, kamar motar da aka kawo masa gareji, ya dawo ya ce alhamdu lillahi. Ni ma na ce alhamdu lillahi.

Rabin Hajj Yusuf, yankinmu da ke gefen Khartoum, na cikin ruwa. An rufe makarantarmu an zuba mutane a azuzuwa. Ajin da nake koyarwa yanzu iyali tara ne a ciki, sun shanya tsummokara a jikin allo. Amma a unguwarmu ta Tudu, gida ɗari biyu da 'yan kai, ko ɗaki ɗaya bai faɗi ba. Ganuwar ƙasar nan da na shekara biyu ina yi wa mutane naci a kanta, wadda muke kira taras, ita ta tare ruwan da ya kwararo daga gabas. Matan da suka yi ta zunɗena ranar da aka ba ni shugabancin lajnar unguwa, wato kwamitinmu, wai ga ni mace ga ni 'yar masu tsinkar auduga, su ne yau suka cika mini tsakar gida da guɗa. Wata har ta kama hannuna ta sumbata.

Cikin littattafan ɗalibai da ba a raba ba na zari wannan. Da Hausa nake rubutawa, da baƙaƙen Larabci, yadda Baba ya koya mini a Jazira, yankin gonakin auduga. Ko wani ya buɗe, ba zai yi nisa ba zai gaji.

Ban leƙa Gangare ba.

Lahadi, 7 ga Agusta, da hantsi

An ce jiya da la'asar aka tono su a Gangare. Mutum huɗu. Ba a faɗa mini sunaye ba, ni ma ban tambaya ba.

Lahadi, bayan la'asar

Habibu ya je jana'iza ya dawo da laka har gwiwa. Ya faɗa mini sunayen ba tare da ya dube ni ba. Uku sama-sama na san su. Ta huɗun Gogo Mero ce.

Ya ce ko zan shirya ya raka ni gaisuwa. Na ce kaina ke ciwo.

Litinin, 8 ga Agusta, da azahar

Gangare ba a cikin takardar gari take ba. Layi ne na ɗakunan jalus, wato tubalin laka, da rumfunan buhu, a ƙasan ganuwarmu ta wajen kudu, gida sittin da wani abu. Duk Hausawa ne irinmu da suka baro gonakin Jazira, sai dai mu mun riga su zuwa, mun sami filaye masu lamba. Bambancin ke nan. Shi ke nan bambancin.

Alhaji Labaran ya zo ɗazu. Shi ne mataimakina a lajna, mai shagon yadi a kasuwar Omdurman. Tun ina aikin ganuwar nan bai taɓa ɗaukar shebur ba, amma yau "ganuwarmu" yake cewa. Ya ce labari ya kai ofis, manya za su zo su ba ni takardar yabo a gaban jama'a. Ya ce gobe zai yanka bijimi, sadakar da a nan ake kira karama, don gode wa Allah da ya tsare Tudu.

Na ce masa gobe ne addu'ar uku a Gangare. Ya ce ai za a aika musu da cinya guda.

Talata, 9 ga Agusta, bayan la'asar

An ci nama. An tura cinyar a kan amalanken jaki, an dawo da ita yadda ta tafi.

Ban je ba.

Laraba, 10 ga Agusta, da safe

Gidanmu ko tsaga bai yi ba. Na share tsakar gida sau uku.

Juma'a, 12 ga Agusta, da hantsi, Omdurman

Na gudo gidan yayata Hajara. Na ce wa Habibu zuwa zan yi in ga yadda ruwa ya bar su. Ya ce to. Wannan "to" ɗin nasa ya fi zagi.

A kan gada mota ta tsaya kusan awa guda. Kogi ya cika ya batse, ja wur, yana tafe da itatuwa da matattun awaki. Wani dattijo a kusa da ni ya ce shekararsa saba'in bai taɓa ganin irinsa ba. Kowa haka yake faɗa, kuma ina jin daɗin jin haka. Idan ba a taɓa ganin irinsa ba, ai ba wanda za a ce ya kamata ya sani.

Yaya Hajara ta dama mini kunu, ta zauna ta zuba mini ido har na shanye. Sannan ta tambaye ni yadda na baro Kubra, 'yar Gogo Mero. Na ce ban gan ta ba tukuna. Ta ajiye ludayi. Ta ce ita daga nan Omdurman ta ratsa ruwa ta je ta yi kwana biyu a wurin makokin, ni da ke taku ɗari uku ban je ba?

"Matar da ta goya ki, Rabi. Inna na tsinkar auduga, ke kina bayanta. Ni na gani da idona."

Na ce na sani. Ta ce ba ta ce ban sani ba.

Asabar, 13 ga Agusta, bayan azahar

Bari in rubuta, ko na samu in ci abinci.

A watan Yuni ne, muna gab da gama ganuwar. Ina tsaye a kanta da takardar injiniya a hannu, samari na zuba ƙasa, mutane sun taru suna kallo. Sai ga Gogo Mero ta hauro daga Gangare tana dogara sanda. Ta daɗe tana duban gabas, ta dubi kudu. Ta kira ni da sunan da take kirana tun ina ƙarama.

"Rabi, ruwa ba ya ɓacewa, gida yake sakewa. Kin hana shi nan, ina kika ce ya je?"

Ta ce a bar masa baki ta kusurwar arewa, ya bi tsohon kwarin da ya saba bi. Shekara arba'in ta yi tana buɗe ruwa tana toshewa a gonakin Jazira, ta san halinsa kamar na ɗan da ta haifa. Amma kusurwar arewa nan ne Alhaji Labaran ya jibge tubalinsa na gini, kuma da ƙyar na shawo kansa ya shigo aikin. Ga damina ta ƙarato. Ga takarda da hatimi a hannuna, takardar da babu Gangare a cikinta ko da ɗigo.

Na ba ta amsa. Ba abin da na faɗa ne ke hana ni sakat ba. Da Larabci na faɗa, Larabcin makaranta, wanda na san ba ta ji, a gaban samari. Suka yi dariya. Ta ce, "To, Ustaza." Ba ta taɓa kirana Ustaza ba sai ranar. Ta juya ta gangara.

Lahadi, 14 ga Agusta, da la'asar

An shiga sabuwar shekarar Musulunci. Yaya Hajara ta ce gidanta ba maɓoya ba ce, gobe in koma.

Talata, 16 ga Agusta, da azahar, Hajj Yusuf

Alhaji Labaran ya kawo wasiƙa, an buga ta da tafireta, saura sa hannuna kawai. Daga lajnar Tudu zuwa ofis. Tana cewa Gangare hanyar ruwa ce tun asali, zama a can ganganci ne, abin da ya faru ya isa shaida, don haka muna roƙon a kwashe mutanen zuwa wani fili a bayan Jabal Awliya, can nesa da gari, saboda tsaron rayukansu.

Ya ce, 'yata, taimakonsu ne. Ya ce idan filin ya tashi, rabinsa kasuwa, rabinsa ɗakin shan magani da na haihuwa, wanda na shekara biyar ina bin ofisoshi a kansa. Ya san inda zai taɓa ni. Mata nawa na raka asibitin Bahri a bayan akori-kura suna naƙuda? Biyu ba su dawo ba.

Na ce masa Gangare ba hanyar ruwa ba ce sai bana. Ya yi murmushi yana jan carbi. Ya ce ruwa na Allah ne, ajali na Allah ne, kada in ɗora wa kaina abin da ba a ɗora mini ba. Ya ce shugaba na gari gaba yake kallo.

Ban sa hannu ba. Ban kuma ce ba zan sa ba. Wasiƙar na ƙarƙashin katifa.

Laraba, 17 ga Agusta, da safe

Ɗaki huɗu zai isa. Ɗaya na awo, ɗaya na haihuwa, ɗaya na magani, ɗaya na ungozoma. Har na zana shi a bayan wannan littafi. Allah ya shirye ni.

Alhamis, 18 ga Agusta, bayan la'asar

Na je.

Ban san wurin ba. Inda layin yake, yanzu tudun laka ne nan da can, ƙofofin langa-langa a tsaye babu ɗaki a bayansu. Daga ƙasa ganuwar ta fi yadda nake zato tsawo. Ban taɓa kallonta daga can ba. Shatin ruwan na nan a jikin ƙasa, ya biyo gindinta tiryan-tiryan kamar wanda aka nuna wa hanya, ya karya kwana ya faɗa musu.

Kubra na zaune a ƙarƙashin rumfar buhu da 'yarta. Sa'ata ce, tare muka yi wasan ƙasa a Jazira. Yanzu shayi take sayarwa a tashar motar Bahri. Na ɗaga hannu muka yi Fatiha. Ta amsa gaisuwa kamar yadda ake amsa wa baƙo, ta ba ni tabarma, ta ba ni ruwa. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Na fara magana, ban san me nake cewa ba, wai ban sani ba, wai injiniya. Ta bari na gama.

"Inna ta hana mu gaya miki magana," in ji ta. "Tun ranar da ta dawo daga kan ganuwar nan. Ta ce ke mutuniyar kirki ce, kunne ne Allah bai ba ki ba."

Ta ce da ruwan ya zo, Gogo ta fitar da jikarta ta miƙa wa maƙwabta, ta koma ɗauko wata makauniya da ke ɗakin baya. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ban tambayi sauran ba.

Na gaya mata maganar wasiƙa. Ta ce sun riga sun ji. A Gangare ana jin duk abin da aka faɗa a Tudu, in ji ta, Tudu ce ba ta jin na Gangare.

Juma'a, 19 ga Agusta, bayan sallar Juma'a

Na gaya wa Habibu komai. Ya ce ya sani tun watan Yuni, yana wurin, cikin masu shebur. Na ce don me bai yi magana ba? Ya ce tun da na zama shugaba, wa ya isa ya yi mini magana a gidan nan ko a waje?

Na so in yi faɗa. Sai na tashi na ɗora girki.

Litinin, 22 ga Agusta, da la'asar

An yi taron. An kafa rumfa a gindin ganuwa ta ɓangarenmu, an jera kujeru, an kawo lasifika. Jami'ai biyu suka zo a Landiroba. Alhaji Labaran ya yi jawabi mai tsawo kan haɗin kai da hangen nesa, ya ce ni abin koyi ce ga matan ƙasar nan. Aka miƙo mini takarda a cikin gilashi, aka ce in ce wani abu.

'Yan Gangare na tsaye a kan ganuwa, ba wanda ya ba su kujera.

Ban shirya komai ba. Na ce ganuwar nan ta tsare gida ɗari biyu, gaskiya ne. Na ce ita ce kuma ta tura ruwa Gangare, an gargaɗe ni tun kafin damina, na ƙi ji, mutum huɗu sun mutu. Na faɗi sunayensu. Na ce akwai wasiƙar da ake so in sa wa hannu a kori waɗanda suka rage, ba zan sa ba. Na faɗa da Larabci don jami'an, na maimaita da Hausa don na kan ganuwa.

Kafin in gama ta Hausar aka kashe lasifika.

Ba wanda ya yi tafi. Na ɗauka na kan ganuwa za su yi wani abu, ban san me ba. Watsewa kawai suka yi. Babban jami'in ya ce wa Alhaji Labaran da alama Ustaza ta gaji, a bar ta ta huta.

Laraba, 24 ga Agusta, da hantsi

An yi zaman lajna jiya ba a kira ni ba. Alhaji Labaran ne shugaba yanzu. Wasiƙa ta tafi da sa hannunsa.

Matar da ta sumbaci hannuna ta gan ni a wurin famfo, ta ɗauke bokitinta ta koma ɗaya layin. Wai na tona wa unguwa asiri, wai idan aka ce a rushe ganuwar, gidajensu fa? Ba zan ce ba ta da hujja ba. Har yau cikin gidan da ganuwar ta tsare nake kwana.

Alhamis, 25 ga Agusta, da azahar

Na yi zaton idan na faɗa zan ji sanyi. Ƙarya ne. Na rasa Tudu, ban sami Gangare ba, Gogo na inda take.

Asabar, 27 ga Agusta, bayan la'asar

Kubra ta aiko a kira ni. Na tarar da su kusan talatin a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, maza da mata. Sun ji cewa duk wanda ya kawo shaidar ya shekara biyar a wurin ba za a tashe shi ba. To wace shaida, mutanen da ruwa ya tafi da komai nasu?

Na buɗe baki na fara tsara musu yadda za a yi, wa zai je ina, wa zai ce me. Kubra ta ɗaga hannu.

"Ustaza, ba shugaba muka kira ba. Mai rubutu muka kira."

Na ɗauki alƙalami. Suka yi ta magana har kusan magariba, kowa na katse kowa, abin da da ni ce da na gama shi cikin minti goma. Amma a cikin surutun nan ne wani tsoho mai gyaran takalmi ya ce, ai yaransu na zuwa makaranta, ba a rubuta sunan uba da unguwa ba ne? Rajistar makaranta. Shekara goma sha ɗaya ina cika ta da hannuna, ban tuna da ita ba.

Talata, 30 ga Agusta, da la'asar

Kwana uku ina cikin sito ina zazzage tsofaffin rajistoci, rabinsu sun jiƙe, ina ɓamɓare shafi da wuƙa. Gida arba'in da ɗaya na samo. Saura ashirin da uku babu.

Na duba sunan Awadiyya, 'yar Kubra, shekara bayan shekara. Babu. Na je na tambayi uwarta ko da wani suna aka rubuta ta.

Ta ce shekara shida da suka wuce ta kawo ta, ta ɗinka mata riga, ta yi mata kitso. Malamar da ke ɗaukar sababbi ta ce sai da takardar haihuwa, ƙa'ida ce. Yarinyar da aka haifa a bukkar gona.

Ba ta faɗi sunan malamar ba. Ni nake ɗaukar sababbi tun shekarar da na fara aiki. Wallahi ban tuna ranar ba. Ko fuskar yarinyar ban tuna ba. Na sha mayar da irinsu, ina ganin tsari nake kiyayewa.

Alhamis, 1 ga Satumba, bayan azahar

Mun kai takardu ofis a Khartoum, ni da Kubra da tsoho mai takalmi. Awa biyar a kan benci. Kubra ce ta yi magana, da Larabcinta na tasha, ni ina miƙa shafi idan ta nema. Jami'in ya gane ni, ya tambaye ni ko na huta. Ya karɓi arba'in da ɗaya. Na roƙe shi a kan sauran, na ce zan rantse da Alƙur'ani na san su shekara da shekaru. Ya ce rantsuwa ba ta shiga fayil.

A mota na ce wa Kubra zan iya ƙara sunan Awadiyya a tsohuwar rajista, tawadar iri ɗaya ce, ba wanda zai gane. Ta ce idan aka gane, arba'in da ɗayan ma sun tafi. Ta ce in bar dabara haka nan.

Laraba, 7 ga Satumba, da hantsi

Motoci uku suka zo bayan fitowar rana. Ba a yi rigima ba. Kayan gida ashirin da uku bai cika mota ɗaya ba, sauran biyun mutane ne.

Daga Tudu ni da Habibu kaɗai muka gangara. Ya ƙi zuwa garejinsa na Alshajara yau, ya yi ta ɗora langa-langa har hannunsa ya tsage. Sauran suna kan ganuwa suna kallo.

Na riƙe wa Kubra murhunta da butocin shayi har ta hau. Na tambaye ta wa zai sayi shayi a can. Ta ce duk inda mutane suke ana shan shayi. Na ce ta yafe mini. Ta gyara wa Awadiyya mayafi, ta ce ita ba ta kai nan ba tukuna, kada in matsa mata.

Mota ta tashi, sai ta sunkuyo.

"Ga arba'in da ɗaya nan na bar miki. Idan za ki sake yi musu alheri, Rabi, ki fara tambayarsu."

Asabar, 10 ga Satumba, da la'asar

Alhaji Labaran ya fara auna fili da igiya. Kasuwar ta ci har inda na zana ɗakin haihuwa.

Mutanen Gangare sun ce kafin wata damina sai an buɗe kusurwar arewa. Sun naɗa tsoho mai takalmi ya jagorance su. Sun ce in rubuta, na rubuta.

Asabar, 17 ga Satumba, bayan azahar

An buɗe makaranta. Na ɗauki tebur na ajiye a bakin ƙofa, duk yarinyar da aka kawo na rubuta sunanta da na ubanta da unguwarsu, ban tambayi takarda ba. Shugabar makaranta ta ce za ta kai ƙarata. Na ce ta kai.

Goma sha ɗaya na rubuta yau. Awadiyya ba ta cikinsu.